Ƙudan da ke zubar da lemo tun bai nuna ba

Tambaya: Ina da lambu a gefen rafi, akwai lemon zaƙi da tanjarin da gwaiba da 'yan bishiyoyin mangwaro. Da rani kuma nakan shuka tumatir da attarugu da kankana a tsakaninsu. 'Yan shekarun nan, daga tsakiyar damina zuwa kaka, sai lemon ya yi wani tabon rawaya a gefe guda, ya yi laushi, ya zubo. In na fasa sai in ga fararen tsutsotsi. Na yi feshi har na gaji, kuɗin magani yana neman ya cinye ribar. Mene ne wannan, kuma ina mafita?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri. Alamomin da ka zayyana sun yi daidai da ɓarnar ƙudan 'ya'yan itace, musamman baƙon nan da masana ke kira Bactrocera dorsalis. Amma kafin ka sake kashe ko sisi, ɗauki wuƙa ka fasa guda goma daga cikin waɗanda suka zubo, ka dubi tsutsar da kyau, domin lemo yana da maƙiya da yawa kuma kowanne da maganinsa. Tsutsar ƙuda fara ce ko ruwan madara, ba ta da ƙafafu, ba a ganin kanta, gabanta siriri ne bayanta kuma da kauri. Ba ta cika zama ita kaɗai ba, sai ka tarar da su cunkushe a wuri guda, naman lemon ya koma ruwa-ruwa. Wadda ta girma, in ka ɗora ta a tafin hannu za ta lanƙwashe ta daka tsalle. Wannan tsallen shi ne babbar shaida. Idan kuwa tsutsa guda ɗaya ka gani, mai jaja-jaja, mai duhun kai da 'yan ƙafafu, ta tara kashinta a ramin da ta haƙa, to 'yar wani faɗa-wuta ce ɗan asalin Afirka da ke shiga lemo da barkono. In kuma huda ce kawai kamar ta allura, lemon ya ruɓe ba tsutsa ko ɗaya, sai a zargi manyan faɗa-wutan da ke tsotson lemo cikin dare. Bayanin da zan yi na mai farar tsutsa ne.

Shi ƙudan ya ɗan fi ƙudan gida tsawo, wajen milimita 8. Fukafukansa garau suke da baƙin layi a gefen gaba, yana da zanen rawaya a kafaɗu, a bayan cikinsa kuma akwai baƙin zane mai siffar harafin T. Asalinsa Asiya ne. An fara kama shi a nahiyarmu a gaɓar tekun Kenya a 2003, kuma kafin 2005 ta ƙare an tabbatar da shi a Tanzaniya da Sudan da Kamaru da Benin da Sanagal da Gana da Najeriya. Ba ƙudan da zai ratsa Afirka da fukafukinsa cikin shekara biyu. A cikin mangwaro da lemo ya yi tafiyar, a bayan manyan motoci da kwandunan fatake. A 2005 masana suka ɗauka sabon jinsi ne suka sa masa suna Bactrocera invadens, sai bayan kusan shekara goma bincike ya nuna tsohon ƙudan nan ne da ya daɗe yana wahalar da masu lambu a Asiya da tsibiran Hawai. Saboda haka in ka ci karo da sunayen biyu a takardun malaman gona, abu ɗaya ake nufi.

Muna da namu ƙudajen tun kafin zuwansa. Akwai Ceratitis cosyra da ke cin mangwaro, da Ceratitis capitata da ke taɓa lemo, kuma an saba da ɗan abin da suke ɗauka. Baƙon ya fi su yawan ƙwai, ya fi su zafin nema, ga shi ba ya zaɓen abinci: mangwaro, gwaiba, lemo, gwanda, ayaba, yazawa, har da 'ya'yan itatuwan daji irin su kaɗanya da ɗanya da gwandar daji. In ya samu tumatir ko barkono a kusa ba ya raina su. Da zarar ruwa ya sauka, a wurare da yawa shi yake mamaye lambun ya tura 'yan gida gefe.

Yanzu ga dalilin da ya sa feshinka bai yi aiki ba. Macen tana da wani siririn tsinke a ƙarshen cikinta, da shi take huda ɓawo ta zuba ƙwai a ƙarƙashinsa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Tsutsotsin su nutsa cikin nama su yi ta ci har mako ɗaya ko fiye. Hudar da uwar ta yi kuma ta zama ƙofar ƙwayoyin ruɓa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ko ƙwan bai rayu ba lemon yakan lalace. Wurin hudar ne ke yin tabon rawayan da ka gani, lemon ya yi nunar ƙarya ya faɗo. In tsutsar ta ƙoshi sai ta fito ta yi tsalle ta shige ƙasa, zurfin bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, ta dunƙule cikin wani ɗan ƙwanso mai ruwan ƙasa. Bayan kwana 10 zuwa 12 sabon ƙuda ya fito. Ya yi kamar mako ɗaya zuwa biyu yana neman abinci kafin ya balaga, sannan ya rayu wata ɗaya zuwa uku, kuma mace guda tana iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rayuwarta.

To lissafa da kanka. Ƙwai yana ƙarƙashin ɓawo, tsutsa tana cikin nama, ƙwanso yana cikin ƙasa. Ukun nan duk feshin da ka watsa a kan ganye bai kai gare su ba. Babban ƙudan kaɗai yake samu, shi ma wanda ya tarar a lokacin, alhali mafi yawansu suna hutawa a inuwar wasu bishiyoyi, in an kwana biyu su dawo. Abin da feshin yake kashewa da tabbaci shi ne ƙudan zuma da tururuwa da sauran ƙwarin da ke taya ka aiki, sannan ya bar guba a jikin abin da mutane za su ci. Wasu har fiya-fiya suke tsarmawa su watsa wa bishiya mai 'ya'ya. Wannan ganganci ne da ran mutane. Sinadarin da ke cikinta ne aka samu ya yi yawa a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya fi komai ɗaukar hankalina, wato jerin abin da ka shuka. A hunturu da tsananin bazara ƙudan nan yakan ragu ƙwarai, don ba ya son bushewar iska. Amma lambun gefen rafi yana da laima da inuwa duk shekara, ga kuma abinci ba yankewa. Mangwaro ya nuna daga Afrilu zuwa Yuni, ƙudan ya hayayyafa a cikinsa. Mangwaro na ƙarewa gwaiba ta karɓa. Gwaiba na ja baya lemo ya fara juyawa. Lemo ya ƙare, kayan rani su riƙe ragowar har mangwaro ya sake fitowa. Ƙudajen da suka zubar maka da lemo a watan Satumba jikokin waɗanda suka tashi ne daga mangwaron da aka bari ya ruɓe a gindin bishiya a watan Mayu. Wanda duk yake son ya ceci lemonsa, a gindin mangwaro zai fara aiki, wata huɗu kafin ya ga tabon farko. Ba na cewa ka sare mangwaro ko gwaiba. Ina cewa ka daina kallonsu a matsayin bishiyoyin da ba su da alaƙa da lemon.

Aiki na farko, wanda in babu shi sauran duk asarar kuɗi ne, shi ne tsince abin da ya zubo. Na san yadda wannan shawara take sauka a kunnen mai lambu. Ya zo neman sunan magani mai ƙarfi, an ce masa ya duƙa ya yi tsintuwa. Amma mangwaro guda da ya ruɓe a ƙasa yana iya fitar da gomman ƙudaje, rabinsu mata, kuma ba maganin da zai kashe maka su da arha kamar ka ɗauke shi tun tsutsar tana ciki. Sharaɗin shi ne lokaci. Tsutsa takan fita jim kaɗan bayan ɗan itacen ya faɗi, don haka tsintuwar mako-mako ta yi nisa, ka kwashe fanko ne kawai. A yi ta kullum in da hali, in babu a yi aƙalla sau uku a mako. Kada a tsaya ga na ƙasa: duk wanda aka ga tabo a jikinsa yana sama, a tsinke shi. Bayan an gama girbi kuma a bi da gora a kakkaɓo ragowar da ke ƙololuwa, waɗanda masu tsinka suka ga ba su kai a wahala a kansu ba. Su ne gadar da ƙudan ke bi ya tsallaka zuwa kaka ta gaba.

Inda ake kai abin da aka tsince shi ma magana ce. Wanda ya tara ya zuba a bayan shinge ko a bakin rafi bai yi komai ba, ya dai sauya wa tsutsa wurin kwana. Hanya mafi sauƙi ita ce baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba: a cika, a ɗaure baki tam, a ajiye a tsakiyar rana har kwana biyar zuwa mako guda. Zafin da ke taruwa a ciki yana dafe ƙwai da tsutsa, daga nan sai a juye a ramin taki a sake amfani da ledar. Buhun hatsi ba ya yi, tsutsa tana bi ta saƙar ta fice. In binnewa za a yi, ramin ya kai zurfin rabin mita, a rufe a daddanne, domin ƙudan da ya fito daga ƙwanso yana iya ratso ƙasa mara zurfi. Mai dabbobi yana iya ba su wanda bai ruɓe sosai ba, amma a ranar, kada a jibge. Sannan a riƙa ɗan kaftar ƙasar gindin bishiya sama-sama, yadda ba za a taɓa saiwa ba, don ƙwanson ya fito rana ta ƙone shi. Kaji da zabi in an sake su a lambu suna tsince da yawa. A lambun da ya yi girma, gara a ɗauki yara biyu a riƙa biyansu kan kowace leda. In ka kwatanta da kuɗin lita guda ta maganin feshi za ka ga wanne ya fi sauƙi.

Aiki na biyu tarkon maza ne, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Akwai wani sinadari mai ƙamshi, metil yujinol, ana rubuta ME a jikin fakitinsa, wanda namijin wannan ƙuda ba ya iya jure masa. Daga nesa mai yawa yake biyo ƙamshin. Ana sayar da shi a ruwa, ana kuma sayar da shi a jiƙe cikin ɗan katako ko auduga haɗe da gubar da za ta kashe ƙudan. Tarkon kuwa kai ma kana iya yi. Sami gorar ruwa ta roba, ka huda ƙofofi huɗu masu faɗin yatsa a kafaɗarta, ka zura waya ta murfin ka rataye katakon a ciki yadda ba zai taɓa jikin gorar ba. In ruwan sinadarin kaɗai ka samu babu guba, ɗiga shi a dunƙulen auduga, ka zuba ruwan sabulu a gindin gorar don wanda ya shiga ya nutse. A rataye a inuwar cikin bishiya, tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a shafa man giris a wayar saboda tururuwa. Don sa ido, tarko ɗaya ko biyu sun isa lambu, a bar su duk shekara a riƙa ƙirga abin da suka kama kowane mako ana rubutawa. Ranar da ƙirgar ta fara hawa, ka san lokaci ya yi. Don rage yawansu kuwa ana bukatar kamar guda 10 a hekta, a fara wata biyu kafin nuna, a sabunta bayan mako shida zuwa takwas. A sa safar hannu wajen taɓa katakon, a nisanta shi da yara.

Matsalar ita ce tarkon yana da daɗin kallo. Mutum ya zo da safe ya ga gora ta yi baƙi da ƙudaje, sai hankalinsa ya kwanta. Ya manta cewa duk maza ne, kuma namiji ba ya huda lemo. 'Yan ƙalilan da suka tsira sun isa su bi mata masu yawa, macen da aka riga aka bi kuwa tarkon bai dame ta ba ko kaɗan. Dabarar tana aiki ne in an kusan ƙarar da maza a yanki gaba ɗaya. Da ita aka kawar da ƙudan nan daga tsibirin Rota a tekun Fasifik a 1963, da ita kuma Japan ta kammala kawar da shi daga tsibiranta na kudu a 1986. Amma ka lura, tsibirai ne, ruwa ya kewaye su, babu lambun maƙwabci da zai aiko da sababbi. Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba sa faɗa: namijin da ya sha sinadarin ya tsira, jikinsa yana sarrafa shi ya zama ƙamshin jan mata, sai ya fi sauran samun karɓuwa. Tarkon da gubarsa ta sane ko ruwansa ya ƙafe, alhali ƙamshin yana nan, ya koma yi wa ƙudan hidima. In ba za ka iya kula da tarko ba, sauke shi ya fi.

Ita macen, da ciki ake kama ta. Ba ta iya yin ƙwai sai ta ci abinci mai sinadarin gina jiki, shi ya sa aka haɗa mata abincin yaudara: furotin da zaƙi da 'yar guba kaɗan. Wanda ya fi shahara shi ne GF-120, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kamar Nijar da Benin ana kiransa Success Appat, gubar da ke ciki kuwa sunanta spinosad. Lita ɗaya ake tsarmawa da ruwa lita huɗu zuwa biyar, kuma wannan ya isa hekta guda, domin ba wanke bishiya ake yi da shi ba. Wuri ɗaya ake zaɓa a kowace bishiya, kamar faɗin mita guda, inda ganye ya yi duhu kuma babu 'ya'ya, a buɗe bakin famfon ya riƙa fitar da manyan ɗigo, a fesa a ƙarƙashin ganyen. Ƙudan ne zai zo da kansa. A maimaita duk mako, a riƙa sauya gefen bishiyar, in an yi ruwa mai ƙarfi a sake. Abin da takardar jikin kwalbar ta ce shi ne gaba da maganata, kuma a Najeriya a duba lambar NAFDAC. In bai samu ba, ana iya kaɗa yis ɗin burodi da sukari a ruwa a zuba a irin gorar nan, a riƙa sauyawa duk mako. Ba shi da ƙarfin na kamfani, amma yana kama mata, kuma zai nuna maka ko suna nan.

Sai kayan lambunka. Tumatir da attarugu da ke kusa da bishiyoyi, wannan ƙudan yana taɓa su, amma in ka rage shi a bishiyoyin su ma sun huta. Kada dai a haɗa shi da tsutsar tumatir Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa Sharon, da ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Waccan ganye take fara ci tana bin cikinsa, kuma tarkonta daban ne.

Kankana da kabewa da kokwamba da gurji kuwa, nasu ƙudajen daban. Babbansu Zeugodacus cucurbitae, shi ma baƙo ne daga Asiya, sai kuma 'yan gida na dangin Dacus. Ko gora ɗari ta ME ka rataya a gonar kankana ba za su kula ta ba. Sinadarin da ke jan namijin ƙudan kankana sunansa Cuelure, wasu daga cikin 'yan Dacus ɗin ma ko shi ba sa bi. Saboda haka a nan abincin yaudara da tsintuwa su ne makamai. Waɗannan ƙudaje suna da wata ɗabi'a da za ka ci moriyarta: ba sa wuni a cikin yaɗon kankana. Macen takan shigo ta yi ƙwai ta koma ta fake a dogayen tsirrai na gefen gona. A Hawai da tsibirin Reyuniyon an gina dabara a kan haka, ana kewaye gonar da layin masara, sai a riƙa fesa abincin yaudarar a ganyen masarar, kankanar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Shuka layi biyu ko uku, ka riga kankanar da 'yan makonni don masarar ta yi tsawo kafin fure. Ka tuna kuma kankana tun tana ƙarama ake harbinta, lokacin da fatarta ke da taushi, shi ya sa kake ganin 'ya'ya sun karkace ko sun ruɓe tun ba su kai ƙwan kaza ba. A ƙaramar gona ana iya rufe kowanne da takarda bayan furen ya bushe. Kafin nan a'a, sai zuma ta gama aikinta. In an gama girbi a tuge yaɗon a ƙone, a kuma cire garahuni da soso da suka fito da kansu a jikin shinge.

Lokacin tsinka shi kansa magani ne. Ɗanyen ɓawon lemo yana da wani mai mai zafi da ke kashe yawancin ƙwai da ƙananan tsutsotsi, shi ya sa lemon tsami bai cika samun matsala ba, tanjarin mai siririn ɓawo kuwa ya fi shan wuya. Kariyar tana raguwa ne yayin da ɓawo ya fara juyawa. A ƙasarmu mai zafi lemo yakan yi zaƙi a ciki alhali bayansa kore ne, don haka ɗanɗano za ka bi, kada ka jira launi. Masu barin lemo a bishiya suna jiran farashi ya tashi su sani cewa ƙudan ma jira yake. Haka mangwaro: a tsinke shi da ya ƙosa ya ƙarasa nuna a ɗaki. Binciken da aka yi a lambunan arewacin Benin ya nuna asarar mangwaro tana ƙasa da kashi 20 cikin 100 a farkon Afrilu, amma ta haura kashi 70 a tsakiyar Yuni. Mai shirin sabon dashe ya sa wannan a lissafi kafin ya cika fili da iri masu nunar baya kamar Kent da Keitt.

Kana da mataimaka in ba ka kashe su ba. Jan tururuwan nan mai cizo da ke ɗinke ganye ya yi sheƙa a kan mangwaro da lemo, wanda masu hawa bishiya suka tsana, masu bincike a Benin sun gano bishiyar da yake da yawa a kanta ɓarnar ƙuda takan ragu sosai. Yana kama tsutsa, kuma ko warin sawunsa a jikin ɗan itace yana korar macen. Inda yake, a bar shi, mai tsinka ya shafa toka a hannu da ƙafa. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar rina, Fopius arisanus, wadda ba ta harbin mutum, tana zuba ƙwanta a cikin ƙwan ƙudan. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta kawo ta daga Hawai a 2006, an kuma sake ta a Kenya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi wuya, don ta wuce shingenka. Ƙuda bai san iyakar gona ba. In kai ka tsince maƙwabcinka bai tsince ba, za ka ga sauƙi amma ba za ka warke ba. Ku masu lambun rafin nan ku zauna, ku sa mai unguwa ko sarkin noma a ciki, ku tsayar da ranakun tsintuwa, ku haɗa kuɗi ku sayi ME da abincin yaudara a sari, ku rataya tarko a mako guda. Kada a manta da mangwaron cikin gari, na gidaje da makarantu, wanda ba mai kula da abin da ya zubar. Haka wuraren sauke kaya. Motocin lemo daga Binuwai suna shiga manyan kasuwanni irin ta 'Yan Lemo a Kano, kuma a ko'ina ake ware ruɓaɓɓe a zubar, to tsutsa tana nan. Dillalin da ya zo lambunka da ragowar kayan wani wuri a motarsa, kada ka bari ya juye maka su. Abin ya shafi har cinikin ƙasa da ƙasa. Tarayyar Turai ta sa ƙudan nan cikin jerin ƙwari 20 da ta fi tsoro. Gana ta rasa kasuwar barkono da gauta da dangin duma a can daga 2015 zuwa ƙarshen 2017 saboda ƙwari da suka haɗa da ƙudajen 'ya'yan itace, Kenya kuma da kanta ta dakatar da kai mangwaro Turai a 2014 ta yi shekaru kafin ta koma.

Kada ka sa ran ganin canji a makon farko, Malam. Ƙwanson da ke cikin ƙasarka yau sai ya fito, matan da ke yawo kuma sai sun ƙare kwanansu, don haka ka ba aikin wata ɗaya zuwa biyu kafin ka yanke hukunci, littafin ƙirgar tarko ne zai gaya maka gaskiya. In kana shakkar irin ƙudan da ke lambunka, zuba lemo biyu masu tabo a kan yashi cikin bokiti, ka rufe da gidan sauro, bayan mako biyu zuwa uku ƙudajen za su fito. Sa su a kwalba ka kai ofishin malaman gona na jiharku, ko tashar cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a Kano ko ta Dadin Kowa a Gombe. 'Yan'uwa na Nijar kuma su nufi ma'aikatan kare tsirrai na yankinsu. Ledar tsintuwa kuwa, a fara da ita gobe da safe.